Maganin Ciyawa a Dazuzzuka da Amanar da Allah Ya Ba Mu



Littafin Farawa ya koya mana cewa aikin farko da Allah ya ba Adamu shi ne lura da gona. Ƙasa amana ce a hannunmu, za mu kuma ba da lissafi a kanta.

A jihar Oregon ta Amurka, masu sana'ar katako sukan sare daji gaba ɗaya su dasa sababbin itatuwa. Domin kada ciyawa da ƙananan bishiyoyi su tare wa dashen rana, sai su yi feshi da jirgi mai saukar ungulu. A shekarun 1970 suna amfani da wani magani mai suna 2,4,5-T, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da sojojin Amurka suka haɗa suka fesa a dazuzzukan Biyetnam. Akwai guba mai suna dayoksin a cikinsa. Iska kuwa ba ta san iyakar gonar kowa ba, ruwan sama kuma yakan wanke maganin zuwa rafin da mutane ke sha.

A 1978 mata takwas daga yankin Alsea suka rubuta wa hukumar kare muhalli ta ƙasarsu cewa suna yin ɓari bayan lokacin feshi. A 1979 hukumar ta dakatar da fesa maganin a dazuzzuka. Masana sun yi gardama a kan binciken, amma ba a komo da shi ba. A 2001 lardin Kebek na Kanada ya daina feshin maganin ciyawa a dazuzzukan gwamnati, ana share ciyawar da hannu da injin.

Mu ma muna feshi a gonakinmu. Gilaifoset da muke saye a kasuwa, a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa ne yana jawo cutar, ko da yake wasu hukumomi ba su yarda ba. Rigakafi ya fi magani. Ku rufe hanci da hannu lokacin feshi. Kada ku wanke famfon feshi a rafi. Kada ku zuba ruwan sha ko man girki a jarkar magani. Kada mai ciki ko yaro ya ɗauki famfo.

Wanda ke shan ruwa a ƙasan rafi maƙwabcinka ne, Kirista ko Musulmi, Ubangiji kuwa ya umarce mu mu ƙaunace shi. Dattawan ikilisiya, ku kai wannan magana ga zumuntar mata da ta matasa kafin damina.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.