Kada Mu Bar Ruwa Ya Gudu Da Takinmu



Yau zan yi magana a kan ruwan saman da ke gudu daga gonakinmu. Ku ji wannan lissafi. Idan aka yi ruwa mai milimita 20, gona mai hekta 1 takan sami lita 200,000. Wato duro 1,000 ke nan. To, nawa ne ke shiga ƙasa, nawa ke bin kwazazzabo?

Ruwan da ya gudu ba ya tafiya shi kaɗai. Jan ruwan nan da kuke gani a rafi, ƙasar gonarku ce. A cikinta akwai takin da kuka saya da tsada.

Masana aikin gona suna auna wannan asara da kwamfuta. Akwai wani tsarin lissafi mai suna SWAT, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1990. Ana gaya wa kwamfuta yawan ruwan sama, da irin ƙasa, da gangaren fili, da abin da ake shukawa. Sai ta lissafa ruwa da takin da za su zurare. Daga nan sai a tambaye ta: idan aka jera duwatsu fa? Idan aka bar ciyawa a bakin rafi fa? Ta haka ake zaɓen dabara kafin a kashe kuɗi. Amma ba a amincewa da lissafin sai ya dace da awon da aka yi a fili.

Mu ma muna da dabara. Manoman Illela ta jihar Tawa, a Nijar, sun farfaɗo da fako da ramukan da suke kira tassa. Da rani ake haƙa su. Faɗin rami kamar santimita 25, zurfi kamar 15. A tara ƙasar a gefen gangare. A zuba takin gargajiya cikin tafin hannu biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Amma ku lura, tassa ta fako ce. A jigawa rairayi kan cike ramin.

Jama'a, gani ya kori ji. Bana kowa ya ware ɗan fili ya haƙa tassa, ya bar na kusa da shi yadda yake. Da kaka ku ƙirga damin kowanne, ku rubuta a littafi, ku kwatanta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.