Ɗiban 2022 na Texas A&M: yadda taurari takwas suka sa na ji kunya

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba.

Yau ƙwallon Amurka za mu taɓa, wato wadda ake runguma a hannu ana gudu, mutane sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Kuma ta jami'o'i za mu yi magana, ba ta ƙwararru ba. Dalili kuwa, wani abokina da muke kwana kallon wasannin nan tare ya tono min wata tsohuwar magana. Ya ce, "Malam, ba kai ne a 2022 ka rantse mana cewa Texas A&M sai ta ɗau kofi cikin shekara uku ba? Ina kofin?" Wallahi na faɗa, ban musa ba. Kofi kuma babu. To yau zan yi bayanin inda na yi kuskure, da yadda nake auna sababbin 'yan wasan ƙungiya yanzu, don kada ku faɗa ramin da na faɗa.

Bari in fara da shimfiɗa saboda sababbin shiga. A can Amurka yaro ba ya tashi daga sakandare ya wuce NFL kai tsaye. Doka ta ce sai ya shekara uku da gama sakandare, shi ya sa kusan kowa ta jami'a yake bi. Su kuma jami'o'in duk shekara suna fita farautar yaran da ke ajin ƙarshe, 'yan shekara 17 zuwa 18, su yi musu tayin karatu kyauta da wurin kwana da abinci. Yaran da jami'a ta kwaso a shekara guda su nake kira ɗiban shekara. Ana sa hannu a watan Disamba, tsarin da aka fara a 2017, ragowar kuma a Larabar farko ta Fabrairu.

Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, auna yaran nan: 247Sports, Rivals, ESPN da On3. Suna kallon bidiyon wasa, su je sansanin gwaji, su auna tsawo da nauyi da gudu, sannan su ba yaro taurari. Biyar ita ce ƙololuwa. 247Sports mutum 32 kacal take ba wa biyar a shekara, daidai da yawan kujerun zagayen farko na zaɓen 'yan wasan NFL. Ka ga ma'anar kenan: muna hasashen wannan yaron wata rana a zagayen farko za a ɗauke shi. Sai a tattara makin yaran kowace jami'a a jera, a ce wance ce ta ɗaya, wance ta biyu.

To a 2022, Texas A&M ƙarƙashin koci Jimbo Fisher ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Masu tauraro biyar har takwas a ɗiba ɗaya, kuma makinta a haɗaɗɗen lissafin 247Sports ya zarce na duk wani ɗiba da aka taɓa yi kafin nan. Ga sunayen: Walter Nolen, Shemar Stewart, LT Overton, Gabriel Brownlow-Dindy, Evan Stewart, Chris Marshall, Denver Harris, da mai jifa Conner Weigman. Shi kuma Fisher ba ƙaramin koci ba ne, ya ci kofin ƙasa da Florida State a kakar 2013. Ku faɗa min gaskiya, wa zai ga wannan bai ruɗu ba?

Abin har ya kai manya faɗa. Tun 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da suke kira NIL. A watan Mayun 2022 Nick Saban na Alabama ya fito gaban jama'a ya zargi A&M da cewa da kuɗi ta sayi yaran nan gaba ɗaya. Washegari Fisher ya kira 'yan jarida, ya musanta, ya wanke Saban tas, alhali a da yaronsa ne, ya yi aiki a ƙarƙashinsa a LSU. Sai da hukumar gasarsu ta SEC ta tsawatar musu su biyun.

Sai aka shiga fili. A&M ta fara kaka tana ta 6 a jerin AP. Wasa na biyu, ranar 10 ga Satumba, wata ƙaramar makaranta mai suna Appalachian State ta zo har gida, filin Kyle Field mai cin mutum sama da dubu ɗari, ta doke su 17 da 14. Kai jama'a! Daga baya suka jera rashin nasara shida. Aka tashi kaka sun ci 5, an ci su 7. A Nuwamban 2023 aka sallami Fisher, kuma saboda yadda aka rubuta kwantiraginsa sai da jami'ar ta ɗau nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi gida.

Yaran fa? Harris ya tafi LSU, Marshall ya tafi Ole Miss, su biyun bayan kaka ɗaya tak. Nolen ya koma Ole Miss, Evan Stewart ya tafi Oregon, Overton ya tafi Alabama, wajen makarantar mutumin da ya yi zargin. Brownlow-Dindy ya tafi South Carolina, Weigman daga baya ya koma Houston. Cikin takwas ɗin nan, Shemar Stewart kaɗai ya ƙare wasansa na jami'a a A&M.

Yanzu wani zai ce, ashe taurarin nan ƙarya ce. A'a, dakata. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure na biyu. Za ka ji ana kawo misalin Patrick Mahomes da aka ba tauraro uku, ko J.J. Watt mai biyu, ko Josh Allen da ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta kula shi har sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji kafin Wyoming. Duk gaskiya ne. Amma ka tuna masu tauraro biyu da uku dubbai ne duk shekara, masu biyar kuwa talatin da 'yan kai. Idan ka zuba dubbai a fili dole wasu su fito zakka. In kana son adalci, tambayar ita ce: cikin kowane goma na wannan rukuni nawa ne suke kaiwa, cikin goma na wancan nawa? A nan masu biyar sun yi wa kowa nisa.

Wani ɗan jarida, Bud Elliott, yana da lissafin da yake fitarwa duk shekara. Yakan duba ɗiba huɗu na baya na kowace jami'a, ya ga ko masu tauraro huɗu da biyar sun fi rabi. Shekara da shekaru, har zuwa kakar 2024, duk wadda ta ɗau kofin ƙasa an same ta cikin waɗanda suka haye wannan rabin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wannan haka yake.

Kuma ga hujja daga ita kanta A&M ɗin. A zaɓen NFL na 2025, Arizona Cardinals ta ɗauki Walter Nolen a lamba 16, Cincinnati Bengals ta ɗauki Shemar Stewart a lamba 17, ɗaya na bin ɗaya. Ka ga masu auna yaran ba su yi ƙarya a kan waɗannan biyun ba. Baiwar tana nan. Ni ne na ɗauki jerin sunaye na mai da shi ƙungiya a kaina.

To me nake dubawa yanzu in an ce ga ɗiban wata jami'a? Abu biyar ne.

Na farko, ina raba yawa da inganci. Jimillar maki tana ƙaruwa da yawan yaran da ka ɗauka. Jami'ar da ta ɗebi 28 za ta iya hawa kan wadda ta ɗebi 18, alhali in ka duba matsakaicin makin kowane yaro, ta biyun ta fi. Shafukan nan suna nuna duka biyun, amma yawancinmu lambar jeri kawai muke kallo mu wuce.

Na biyu, a wane gurbi taurarin suke? Koma kan takwas ɗin A&M. Huɗu daga ciki, Nolen da Shemar da Overton da Brownlow-Dindy, duk 'yan katangar gaba ne ta masu tsaro. Wuri ɗaya. Cikin takwas ɗin babu ko ɗaya daga ƙartin da ke tsayawa gaban mai jifa suna kare shi. A kakar 2022 kuwa babban ciwon A&M cin maki ne, maki 14 fa suka iya yi wa Appalachian State. Kamar ƙungiyar da ba ta iya zura ƙwallo ce ta je kasuwa ta sayo 'yan baya huɗu masu tsada. In ba ka san ramin da ke cikin ƙungiya ba, ba za ka san ko ɗiban ya cike shi ba.

Na uku, yaushe za su fara amfani? Mai gudu da ƙwallo ko mai cafke zai iya shigowa shekarar farko ya yi tasiri. Amma masu kare mai jifa yawanci sai sun shekara biyu ko uku suna ɗaga ƙarfe suna cin abinci, don yaro ɗan 18 ba zai iya ture ƙato ɗan 22 ba. Ni na ɗora wa 'yan shekarar farko nauyin gyara ƙungiya nan take, wanda ko kocinsu bai isa ya sa su yi ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi canzawa a zamanin nan: su wa za su zauna? A 2018 aka buɗe rajistar masu son sauya makaranta, a 2021 kuma aka cire dokar da ke tilasta wa wanda ya sauya zaman shekara guda ba wasa. Daga nan sa hannu ya daina zama ƙarshen magana. Yaron da aka jibge su huɗu a gurbi ɗaya, in ya ga benci zai ɗumama, gobe sai ya tattara kayansa. Don haka ina tambaya: akwai hanyar da kowannensu zai samu fili? Kocin da ya je har gidansu ya zauna da iyayensa, zai kai shekara uku a kujerarsa?

Na biyar, tarihin masu horarwa. Nan zan kawo ɗiban Alabama na 2017 don ku ga bambanci. Tua Tagovailoa, Najee Harris, Jerry Jeudy, Henry Ruggs, DeVonta Smith, Jedrick Wills, Alex Leatherwood, Mac Jones. Su takwas ɗin nan duka a zagayen farko NFL ta ɗauke su, huɗu a 2020, huɗu a 2021. A wasan ƙarshe na Janairun 2018, Georgia na gaba 13 da nema a hutun rabin lokaci, Saban ya sako Tua, ɗan shekarar farko. A ƙarin lokaci Tua ya jefa wa DeVonta Smith, shi ma ɗan shekarar farko, aka tashi 26 da 23. Amma wanda ya fi burge ni Mac Jones ne. Tauraro uku gare shi a haɗaɗɗen lissafi, ya zauna yana jira a bayan Jalen Hurts da Tua, sai a 2020 ƙungiya ta zama tasa. Suka ci wasa 13 ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka ɗau kofi, DeVonta Smith kuma ya lashe kyautar Heisman. Yaran sun zauna, an gina su, kowa ya samu lokacinsa.

Mu da muke kallon tamaula ma ai mun san wannan. Ku tuna 'yan ƙasa da shekara 17 na Najeriya da suka ci kofin duniya a Chile a 2015. Kelechi Nwakali aka ba gwarzon gasa, Arsenal ta saye shi, bai taɓa buga mata wasan gasa ba. Victor Osimhen da ya ci ƙwallo 10 ya je Wolfsburg ya kasa cin ko ɗaya, mutane suka fara cewa ya ƙare. Sai da ya bi ta Charleroi da Lille kafin Napoli. Wanda ya yanke hukunci a 2016 ya yi kuskure, wanda ya yanke a 2018 ma ya yi kuskure.

Abin da ya fi damuna a tsohuwar maganata shi ne yadda na riƙa ambaton yaran nan kamar kayan da aka saya a kanti. 'Yan shekara 18 ne, wasunsu ranar ce ta farko da suka bar gidan iyayensu. An rubuta musu tauraro biyar a goshi, mutum dubu ɗari na ihu a kansu, in an ci su a shiga intanet a zage su. Wasu sun kai inda aka yi hasashe, wasu rauni ya tare su, wasu sun yi ta yawo daga makaranta zuwa makaranta. Kocin ya tafi da miliyoyinsa, su kuwa shekarun nan huɗu ko biyar su ne jarinsu gaba ɗaya.

Don haka ga ƙa'idar da na ɗaura wa kaina. Ranar sa hannu zan faɗi abin da na gani: ingancin yaran, guraben da aka cike, da waɗanda aka bari a buɗe. Amma maki na ƙarshe sai bayan kaka uku, in ƙirga nawa suka zauna, nawa suka zama 'yan sha ɗayan farko, wasa nawa aka ci da su. Rantsuwa a kan kofi kuwa na tuba, abokina ka ji, na tuba.

Ku kuma ku faɗa mana a ƙasa, wace ƙungiya ce ta taɓa ruɗar ku da sayayya irin wannan, ko a ƙwallon Amurka ko a tamaula? 'Yan Chelsea da 'yan United, kada ku yi shiru, mun san kuna da labari. Wanda kuma bai gane guraben wasan nan ba ya rubuto, in an samu masu so da yawa sai mu ware shiri guda mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.