Shekarun da likitan tiyata ke yi yana zagaya sassan asibiti

Ƴan'uwa matasa, maza da mata, kwamitinku ya nemi in yi muku bayani kan yadda ake horar da likitan tiyata, domin da yawanku kun taɓa raka wani daga Bangi zuwa asibitin Madawa ko Galmi, kuka ga wani saurayi da farar riga yana latsa cikin mahaifinku, kuka ce a ranku: wannan ai ɗan koyo ne.

To, ɗan koyo ne, amma likita ne cikakke. Bayan ya samu bak, sai da ya share aƙalla shekara 7 yana karatun likitanci, a Yamai, ko Damagaram, ko Maraɗi. Ƙwarewa kan tiyata kuma wasu shekara 5 ne a bisa. Haka ake yi a Jami'ar Abdu Mumuni, haka kuma a nan kusa da mu, a asibitin Galmi da mishan suka buɗe a 1950, inda aka fara horar da likitocin tiyata tun 2012.

A cikin shekarun nan ba a barinsa wuri guda. Wata kaɗan nan, wata kaɗan can. Ana farawa da ƙananan abubuwa: wanke hannu har gwiwa, riƙe ƙarfen da ke buɗe ciki na awa biyu ba motsi, ɗinkin fata, wanke miki. Daga nan sai ƙaba da gwaiwa, waɗanda su ne abincin yau da gobe a ƙasarmu. Sai ɓangaren ƙashi, inda kabu-kabu ke aiko masa da aiki kullum, inda kuma zai ga ƙafar da aka ɗaure tamau a gida har jini ya daina ratsa ta. Sai wajen haihuwa, da wajen masu matsalar fitsari, da wajen masu sa barci, domin wanda bai san yadda ake tayar da mutum ba bai kamata ya yanka shi ba.

Ɓangaren yara nake so ku riƙe da kyau. Yaro ya sha ruwa marar tsabta, zazzaɓin taifot ya kama shi, a yi mako biyu ana jiƙe-jiƙe, hanjinsa ya huje, ƙazanta ta cika ciki. Ana kawo shi da dare, ciki ya yi tauri kamar katako. Mai koyo zai koyi ya fara ƙara masa ruwa, ya nemi jini, kana a buɗe, a bi hanjin nan taƙi-taƙi a nemo hujin, a ɗinke. Wani lokaci sai an fito da bakin hanji ta gefen ciki na ɗan watanni. Babba yana tsaye kansa. A shekarar farko yana kallo, a tsakiya yana yi ana riƙe da hannunsa, a ƙarshe shi ke tsaye kan na bayansa. Kowane aiki ana rubuta shi a littafi.

Ban ɓoye muku ba, akwai wahala. Kwanan gadi, safiya kuma a tsaya gaban malamai a yi bayanin kowane majinyaci, har wanda ya rasu da dalilin rasuwarsa. Sau da yawa sai an fito daga ɗakin aiki ake samun yin salla. Mai iyali sai matarsa ta yi haƙuri, mai miji kuma sai mijinta ya yi, don akwai mata a wannan fage, kuma uwayenmu na ƙauye sun fi sakin jiki da su.

Akwai kuma gajeriyar hanya da gwamnati ta ɓullo da ita: a ɗauki likita a ba shi horon shekara 1 kan tiyatar gaggawa, kamar ciro jariri da ƙabar da ta shaƙe, a tura shi asibitin gunduma. Irinsu ne ke hana a yi doguwar tafiya zuwa Tawa da mace mai naƙuda.

Ku da ke sakandare, wanda ke son wannan hanya ya dage da lissafi da kimiyya tun yanzu. Sauranku kuwa, ga abin da nake roƙon ƙungiya: ku je a gwada rukunin jininku, sakatare ya rubuta sunaye da lambobi a ajiye. Idan an kira cikin dare an ce yaron Bangi yana Galmi ana neman leda biyu, a san wa za a tasa.