Kamannin Mota da Sunan Kamfani: Misalin Fijo 504 ta Kaduna



Duk wanda ya tsaya bakin titi a Unguwar Mu'azu ya dubi motocin da ke wucewa, da wuya ya rarrabe kamfanin da ya ƙera kowace sai ta matso ya ga tambarinta. Amma in tsohuwar Peugeot 504 ta ɓullo, wadda jama'a ke kira Fijo, tun daga nesa za a shaida ta, ko da tambarin ya daɗe da faɗuwa. Dalilin wannan bambanci shi ne batun laccar yau.

A Faransa aka fito da 504 a shekarar 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne kuwa ya zana jikinta. Masu zanen sun taƙaita ado ƙwarai. Gefenta shafaffe ne, gilasanta manya, sa'an nan abu biyu kawai aka bar wa ido ya riƙe: fitilun gaba masu kusurwa huɗu da suka ɗan karkace, da murfin but wanda ya karye ya gangara ƙasa. Tambarin zaki, wanda gidan Peugeot ya yi wa rajista tun 1858, lokacin da zarto da kayan ƙarfe yake ƙerawa, ɗan ƙarami ne a hancinta.

A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu a yau, kamar Unguwar Mu'azu. A shekarar ce kuma 504 ta ci gasar tseren Safari a Kenya. Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, sai ta mai da wannan mota motar ofis ta manyan jami'ai. Nan fa rashin adonta ya sami wata ma'ana da masu zanen ba su nufa ba. Babban sakatare na bayanta, direban tasha mai zuwa Zariya kuwa na tuƙa wagon ɗinta, ba kuma wanda ya ji ta yi masa kaɗan ko ta yi masa yawa. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har sama da shekara ashirin bayan haka, siffarta ba ta sake ba sai kaɗan.

Wannan daɗewa a kan kama ɗaya tana da amfani ga aljihu, abin da masu sayen mota da bashin ofis suka sani sarai. Ƙofa ko murfin wata shekara na shiga jikin ta wata. Shafaffen ƙarfe in ya lotse, mai gyaran jiki zai buge shi da guduma ya mai da shi yadda yake, mai fenti ya rufe. Watau bakanike na gefen titi yana da hannu wajen riƙe wa kamfanin kamanninsa, alhali ba a biya shi ko kwabo don haka ba.

Motocin yau kuwa dokokin kare fasinja da neman rage shan mai sun tilasta musu kusan siffa guda. Saboda haka kamfanoni suka koma sa shaidarsu a fitila da tambari. Peugeot, wadda ta shiga rukunin Stellantis a 2021, ta sake tambarinta a shekarar zuwa kan zaki cikin garkuwa. Da 508 ta 2018 ta fara sa dogayen fitilu a gaba kamar fiƙoƙin zaki, na baya kuma kamar sawun farce uku. Lalle suna da kyan gani, da dare ma ana gane motar da su. Sai dai shaidar da ke cikin fitila shaida ce mai fashewa. Ba a buge ta da guduma, sai dai a sayi sabuwa da kuɗin waje, in ba hali kuma a ɗaura wadda aka samu.

A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a sabuwar masana'anta kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya soma da ƙirar 301. Ita ce mafi ƙarancin ado a cikin danginta, domin tun asali an zana ta ne saboda kasuwanni irin na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kasuwar da ta tarar kuwa cike take da Toyota da Honda 'yan Kwatano.