Inshorar Gida: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara na Ƙungiya



Yawancinmu sai da muka shafe shekaru muna tari kafin muka mallaki muhalli a birni. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 ta nuna cewa gumin shekara ashirin yana iya salwanta cikin dare ɗaya. Saboda haka ina kira gare mu da mu yi wa gidajenmu inshora, tare da kiyaye abubuwa huɗu.

Na farko, mu tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar NAICOM. Mai gudun riba kuwa, akwai tsarin Takaful, wanda aka gina bisa taimakekeniya.

Na biyu, a ƙiyasta kuɗin sake ginin, ban da fili, domin fili ba ya ƙonewa. Kada neman araha ya sa a rage ƙima. Gidan da sake gina shi zai ci naira miliyan 20, aka yi masa inshorar miliyan 10, idan gobara ta yi ɓarnar miliyan 4, miliyan 2 kacal za a biya.

Na uku, a tambaya ko ambaliya tana cikin yarjejeniyar, domin inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ta sai an ƙara.

Na huɗu, a kwatanta farashin kamfanoni uku, kuma a sabunta ƙimar duk shekara, tunda kuɗin siminti da rodi ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu.