Sensar Totur: A Auna Kafin a Canza
(Laccar da aka gabatar ga kanikawa da direbobi a Kanya Babba, Ƙaramar Hukumar Babura)

 

Yawancin manyanmu da ke nan a kan kabureta suka koyi aiki, irin ta Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. A wancan zamani kunne da sukudireba sun ishi bakanike. Motocin da suka cika hanyoyinmu yau kuwa masu injekta ne, kwamfuta ce ke auna musu mai. Ita kwamfutar ba ta ganin ƙafar direba, sai abin da wata 'yar na'ura da ke jikin maƙogwaron totur ta gaya mata. Ita ce sensar totur, kuma a kanta zan yi magana.

A tsofaffin motocin injekta wayoyinta uku ne. Ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta at ce, ta ukun ita ke mayar da labari. Idan ba a taka totur ba, wayar labarin tana nuna kimanin rabin bolt. Idan an take shi har ƙasa, ta kai wajen bolt 4.5. A cikinta akwai ɗan tsinke da ke gogar wani layi na gawayi. Yau da gobe layin yana cinyewa, musamman daidai inda ƙafa ta fi zama. Daga nan sai mota ta fara fizga, silo ya riƙa hawa yana sauka, a taka ta yi jinkirin amsawa, mai otomatik ta riƙa shiga giya da duka, shan mai ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu direban da zai iya jure wannan asara.

To, jama'a, ga inda muke kuskure. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur, shi ya sa ake iya sa wa motocinmu na gwanjo kwamfutar gwaji. Sai ta nuna P0122, wato wuta ta yi ƙasa, ko P0123, ta yi sama, ko P0121, lissafi bai daidaita ba. Nan take mu ce sensa ta mutu, mu tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo sabuwa. Alhali lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi akwai matsala a layin, layin kuwa ya haɗa da soket da wayoyi da ita kanta kwamfutar motar.

Saboda haka a fara da ido. A duba soket ko ruwan wankin inji ya sa ta tsatsa, a bi waya ko ɓera ya ci. A buɗe maƙogwaron totur: ƙurar hunturu da muke sha a nan gefen Nijar, idan ta haɗu da tururin baƙin mai, takan daskare har ƙofar ta kasa rufuwa daidai. Sau da yawa wankewa da sabunta matatar iska sun wadatar.

Sannan a ɗauko mita. A buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba. A tabbatar bolt 5 na zuwa, at kuma na da kyau. A ɗora mita kan wayar labari, a buɗe totur sannu a hankali. Idan wuta na hawa sumul, sensa lafiyarta ƙalau. Idan ta yi tsalle ko ta faɗi a tsakiya, to a nan ne ta cancanci canji. Gani ya kori ji.

Sababbin motoci ba su da kebul ɗin totur. Ƙaramin moto ne ke buɗe totur, sensa biyu suna sa wa juna ido. Idan suka saɓa, sai a ga P2135, mota ta ƙi gudu don kare rai. Kada a cusa yatsa a ƙofar totur alhali makulli na buɗe, tana iya datse shi. Bayan wanki ko canji, da yawansu sai an sake koya wa kwamfuta matsayin silo.

Iyayenmu masu gareji, roƙona shi ne kowane gareji ya mallaki mita, kuma kada a yaye yaro sai ya iya karanta ta. Masu sha'awar ƙarin ilimi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure kusa da mu. Direban da ya miƙa mana makulli amana ya ba mu, kuɗin da zai kashe kan kayan da bai lalace ba abincin iyalinsa ne.

Allah ya sa albarka a sana'armu.