Sakamako Ya Fito: Ina Yaranmu Za Su Dosa?



Duk shekara idan WAEC da NECO suka saki sakamako, gidajenmu a nan Zuru kan rabu biyu. Wani gida ana ta barka da arziki, wani kuwa an yi tsit, yaro ya shige ɗaki riƙe da waya, uba na cewa "ai dama na faɗa." Makonnin da ke biyo bayan wannan rana su nake so mu duba yau, domin a cikinsu ne yaro ke kama hanya ko ya ɓace mana.

Aikin babba na farko shi ne ya karɓi takardar ya bi ta darasi-darasi. Jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, kuma makarantu da yawa sun yarda a haɗa zama biyu, a cike giɓin WAEC da na NECO. Yarinyar da ta ci komai sai Lissafi ba ta faɗi ba. Darasi guda ya rage mata, ga kuma jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Amma a wasu gidajenmu, D7 guda a Lissafi ita ce hujjar fara zancen kayan ɗaki. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Ku tuna ma a 2025 WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38 ne suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure ta gyara zuwa kusan kashi 63. Yara nawa aka riga aka zaga kafin gyaran?

Sai batun zaɓi. An san ƙasar Zuru da aikin soja. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Sani Sami, ya yi gwamnan Bauchi daga 1984 zuwa 1985, Janar Ishaya Bamaiyi kuma ya shugabanci rundunar sojan ƙasa. Abin alfahari ne. Sai dai ya sa yaro kan ɗauka ƙofa biyu ce kawai: ko barikin horon soja na Zariya, ko likitanci. In ya rasa duka biyun, sai ya zauna.

Alhali tun 2020 Jami'ar Noma ta Tarayya na nan a ƙofar gidanmu, a ƙasar da dawa da masara ke ciyar da kowa. Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi na ba da difloma a shekara biyu, wadda ke iya shigar da ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga ta kiwon lafiya a Jega, ga shirin share fagen shiga jami'a na IJMB. Ga mai kukan kuɗi, asusun NELFUND na ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance tun 2024.

Wanda dole ya jira shekara guda shi ya fi ba ni tsoro. Kakanninmu ba su taɓa barin saurayi hannu-rabbana ba. Al'adar golmo ta riƙe shi a gonar surukai shekaru, ya koyi juriya a gaban manya. Yaron yau ma a ba shi abin riƙewa: ɗinki, walda, haɗa sola, ko kwamfuta, tunda da ita ake rubuta jarrabawar JAMB. Kuma kafin a yanke masa, a tambaye shi me yake so, a saurara har ya gama magana.

Roƙona ga shugabannin makarantunmu shi ne, mako biyu bayan fitar sakamako, kowace sakandare ta kira iyaye da ɗalibai su zo da takardunsu, malami ya zauna da kowane gida.